Yadda Ake Tantance Sabon Awo Don Ƙananan Gidaje Su Samu Wuri

Tsadar gida ko araharsa tana yankuwa ne tun kafin a haƙa fandisho. Ranar da kwamitin tsara gari ya shimfiɗa taswirar sabon awo a kan teburi, ya amince da faɗin titi da girman fuloti da tazarar da za a bari tsakanin gini da iyaka, a ranar aka yanke irin mutanen da za su iya zama a unguwar nan da shekara hamsin. Magini yana iya rage tayil, ya sauya ƙofa, ya sa kwano mai sauƙin kuɗi, amma ba shi da ikon taɓa ƙasar da doka ta tilasta wa kowane gida ya mamaye. Don haka idan kana cikin kwamitin, ko kana aiki a ofishin tsare-tsare, ko kai mazauni ne da zai je zaman sauraron jama'a, abin da ya kamata ka iya shi ne karanta alƙaluman da ke jikin taswirar.

Fara da lissafin hekta ɗaya

Kafin ka buɗe zanen gidajen masu launi, ɗauki biro ka yi wannan lissafin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Tituna, magudanan ruwa da filin jama'a za su ɗauke kusan kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma shawararta ita ce a ware aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙasar unguwa don tituna. Ke nan abin da ya rage na yankawa bai wuce murabba'in mita 6,500 zuwa 7,000 ba. Idan dokar gari ta ce fuloti ba zai gaza murabba'in mita 600 ba, gida 11 za ka samu. Idan ta yarda da 200, za ka samu 33 ko sama da haka. Kuɗin ƙasa bai sauya ba, kuɗin share ta da aunawa bai sauya ba, amma kawunan da za su raba nauyin sun ninka uku.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne faɗin fuskar fuloti, wato gefen da ya kalli titi, ya fi girmansa tasiri. Kwalta, lambatu, bututun ruwa da wayar lantarki duk da tsayi ake biyan su. Titi mai tsawon mita 100 da aka jera masa fuloti masu fuskar mita 20 a gefe biyu gida 10 kawai yake yi wa hidima, kowane gida ya ɗauki nauyin mita 10 na titi da duk abin da ke binne a ƙarƙashinsa. Mai da fuskar mita 8, gidaje sun zama 24, nauyin kowanne ya sauko zuwa mita 4 da 'yan kai. Saboda haka fuloti mai mita 8 a fuska da 20 a zurfi ya fi mai 13 da 13 araha nesa ba kusa ba, duk da cewa girmansu ya kusa zama ɗaya. Duk taswirar da ta zo maka da sunan gidaje masu rahusa amma fulotinta faffaɗa ne marasa zurfi, tambayi safiyon dalili.

Wannan magana an gwada ta. Birnin Houston na jihar Texas a Amurka ya rage mafi ƙarancin girman fuloti a tsakiyar birni a 1998, daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa 1,400, wato daga kusan murabba'in mita 465 zuwa kusan 130, sannan ya faɗaɗa dokar zuwa sauran sassan birnin a 2013. Dubban siraran gidajen bene sun tashi a filayen da a da gida ɗaya-ɗaya ke zaune a kansu. Austin, babban birnin jihar, ya bi sahu a 2024, ya sauko daga murabba'in ƙafa 5,750 zuwa 1,800. Akwai wani abu da Houston ta yi wanda ya dace a riƙe: ta bar wa mazauna tsofaffin layuka ƙofar neman a kiyaye girman fulotin layinsu, kuma hakan ya rage zafin adawa. A sabon awo ma wannan rigimar ba ta da ƙarfi, tunda babu wanda ake yanka wa fuloti a maƙwabcinsa.

Dokokin da ke kashe ƙaramin fuloti a ɓoye

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rage girman fuloti a bar sauran dokoki yadda suke. Sai a wayi gari an halatta ƙaramin gida a takarda, amma babu wanda zai iya gina shi a ƙasa. Hanyar gano wannan guda ɗaya ce: zana fulotin a takarda mai layi-layi, ka cire duk tazarar da doka ta nema, ka ga abin da ya saura.

Ɗauki fulotin nan na mita 8 da 20. Idan doka ta ce a bar mita 3 a kowane gefe, faɗin ginin mita 2 ne ya rage, ko ɗaki ɗaya ba zai shiga ba. Idan mita 1.5 ce a kowane gefe, da mita 6 a gaba da 3 a baya, za ka samu faɗin mita 5 da zurfin 11, murabba'in mita 55 ke nan, a daddafe. Yanzu a yarda gini ya zauna a kan iyaka ta gefe ɗaya, a bar mita 1.5 a ɗaya gefen, a rage gaba zuwa mita 3, a ƙara baya zuwa 4: faɗi ya zama 6.5, zurfi 13, wurin gini ya haura murabba'in mita 84. Fulotin bai ƙaru da taƙi ɗaya ba, amma yanzu gida mai ɗaki biyu da falo zai zauna a kai, ga kuma fili a baya inda yara za su yi wasa a shanya kaya. Mita shidan nan na gaba da ake yawan nacewa a kai, a ƙaramin fuloti asara ce zalla. Filin da iyali ke mora yana baya.

Gini a kan iyaka yana da nasa sharuɗɗa, kuma wajibi ne a rubuta su a cikin izinin awon. Bangon da ke kan iyaka ba ya ɗaukar taga, kuma dole ya kasance mai jure wuta na tsawon lokacin da dokar gini ta ƙayyade. Ruwan rufi ba zai zuba a filin maƙwabci ba, sai a sa indararo ko a karkata rufin. Sannan a rubuta a takardar fulotin maƙwabci cewa mai bangon yana da haƙƙin shiga ya yi gyara ko fenti. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ake yawan mantawa, shi ne kuma yake haifar da shari'a bayan shekara goma.

Sai ka duba abubuwa uku da ke ɓoye a wasu shafukan dokar. Na farko, kason fulotin da aka yarda gini ya rufe: idan kashi 40 cikin ɗari ne, fuloti mai murabba'in mita 160 ba zai ɗauki fiye da 64 ba, duk gyaran tazarar da ka yi ya tashi a banza. Ƙananan fuloti suna bukatar kashi 55 zuwa 60. Na biyu, mafi ƙarancin girman gidan kansa. Wasu garuruwa suna da dokar da ta hana gina gida ƙasa da wani girma da aka tsara tun zamanin da ƙasa ke da araha. Na uku, kuma shi ya fi wuyar kamawa, ƙa'idojin da mai rukunin gidaje ke liƙawa da kansa a takardun sayarwa: kada gida ya gaza girma kaza, dole garejin mota biyu, ba a yarda a ƙara ɗaki a ba da haya ba. Kwamiti ya nemi a kawo masa daftarin waɗannan ƙa'idoji tare da taswira, ya kuma sa sharaɗin cewa ba za su tsaurara abin da izinin ya sassauta ba.

Rage girma kuma yana da inda zai tsaya. Gida ƙanƙane da babu wurin ajiye kaya, babu iska, rufi a kan kai, wannan ba taimako ba ne. Ma'aunin da Ingila ta fitar a 2015 abin dubawa ne ga wanda garinsa ba shi da nasa: murabba'in mita 50 ga gida mai ɗakin kwana ɗaya na mutum biyu, 79 ga gidan bene mai ɗaki biyu na mutum huɗu, ɗakin kwanan mutum biyu kada ya gaza 11.5, na mutum ɗaya 7.5, tsayin silin kuma mita 2.3 a mafi yawan gidan. Ba lallai ka kwafi lambobin ba. Abin koyi shi ne ma'aunin ya ɗaura girman gida a kan yawan masu kwana a ciki.

Titi da wurin ajiye mota

Titin cikin unguwa shi ne mafi girman abin da ke cin ƙasa, kuma galibi an gaji faɗinsa ne daga ma'aunin manyan hanyoyi. Bambanci tsakanin hanya mai faɗin mita 18 da mai 12, a tsawon mita 100, murabba'in mita 600 ne, kusan fuloti huɗu na irin wanda muka zana. Ƙari a kan haka, titi mai faɗi yana kiran gudu, kuma yana tara ruwan sama. A layin da gidaje kaɗai ke kai, mita 12 ta isa ta ɗauki kwalta mita 6, hanyar ƙafa a gefe biyu, lambatu da bishiyoyi.

Wanda zai iya rusa wannan tsari da kalma ɗaya shi ne jami'in kashe gobara, don haka a kira shi tun farko, kada a jira sai an gama zane. Dokar gobara da yawancin jihohin Amurka ke bi tana neman hanya buɗaɗɗiya mai faɗin ƙafa 20, kimanin mita 6, tana kuma neman wurin juya mota a duk layin da ya toshe idan tsawonsa ya wuce ƙafa 150, kimanin mita 46. Bukatarsa gaskiya ce, kuma ana biyanta ba tare da faɗaɗa kowane titi ba: a haɗa layuka su riƙa ɓullewa juna, a hana ajiye mota a gefe ɗaya, a sassauta kwana a mahaɗa yadda babbar mota za ta karya. Layi mai toshewa da da'irar juyawa a ƙarshensa yana cin filin gidaje biyu zuwa uku, yana kuma tilasta wa yaro ya zagaya nesa kafin ya kai makarantar da ke bayan gidansu. Inda ba makawa sai an yi shi, a buɗe 'yar hanyar ƙafa a ƙarshen layin.

Wurin ajiye mota ɗaya mita 2.5 ne da 5, murabba'in mita 12.5. Biyu a kan fuloti mai 160 sun ci kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma a fuskar mita 8 sun mamaye mita 5, gaban gida ya koma siminti, bakin titi ya cika da mashigai har babu inda baƙo zai tsaya ko a dasa bishiya. Birnin Buffalo a jihar New York ya soke dokar tilasta wurin ajiye mota gaba ɗaya a 2017, garuruwa da dama sun biyo baya. Ko ba a kai nan ba, wuri ɗaya ga ƙaramin gida ya wadatar, sauran a tara su a 'yan filaye na tarayya ko a bakin titi. Sai dai a faɗi gaskiya: idan awon yana bayan gari, babu motar haya, babu kanti ko asibiti a kusa, rage wurin mota zai mai da hanyar ƙafa gareji. A irin wannan wuri tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko wurin ya dace da awon tun asali, domin gida mai araha da ke cinye wa mai shi kuɗin zirga-zirga da awa uku a hanya kullum bai yi araha ba.

Ruwan sama da bahaya

A nan ne ƙananan fuloti ke da rauni na gaske, kuma masu adawa idan sun tayar da wannan magana suna da hujja. Ruwan sama na milimita 50 a kan hekta ɗaya tan 500 ne na ruwa. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa za ta shanye mafi yawansa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne zai gudana, kamar tan 125. Bayan an rufe shi da kwano da kwalta, abin da zai gudana yana iya kaiwa kashi 65 cikin ɗari, tan 325, kuma cikin sauri. Wannan ƙarin tan 200 dole ya tafi wani wuri, idan ba a tanadar masa ba kuwa, unguwar da ke gangare ce za ta karɓe shi.

Sharaɗin da ya kamata a rubuta mai sauƙi ne: ruwan da zai fita daga awon bayan gini kada ya fi wanda ke fita kafin gini. Injiniyan mai neman izinin awon ya kawo lissafi da taswirar tudu da gangare, ya nuna tafkin tare ruwa da girmansa, ya nuna inda ruwa zai bi ranar da lambatu ya cika ya tumbatsa. Wannan hanyar ta biyu dole ta kasance titi ko fili, kada ta ratsa ta tsakanin gidaje. Ka duba kusurwar da ta fi gangare a taswirar da idonka. Sau da yawa a can ake tura gidajen masu rahusa, daf da tafkin ko a ƙarƙashin wayar lantarki mai ƙarfi. A kuma ƙayyade tsayin daɓen kowane gida sama da titi, sannan a rubuta sunan wanda zai riƙa yashe tafkin da kwalbatoci bayan mai gini ya tattara ya tafi. Tafkin da ba shi da mai kula cikin 'yan shekaru yake cikewa da yashi da shara.

Game da bahaya, ƙa'idar a taƙaice take. Fuloti mai murabba'in mita 160 ba ya ɗaukar sokawe da rijiya tare, tunda ƙa'idojin lafiya a wurare da yawa suna neman tazarar mita 15 zuwa 30 tsakaninsu. Ƙananan fuloti suna bukatar ruwan famfo da bututun ƙazanta na tarayya, ko matatar unguwa guda ɗaya. Nemi wasiƙa daga hukumar ruwa da kamfanin lantarki da ke tabbatar da cewa bututu da taransifoma za su ɗauki adadin gidajen. Alƙawarin baki a zauren taro ba ya cikin abin da ake karɓa.

Ƙarami daban, mai araha daban

Mai nema zai iya samun duk sassaucin nan, ya gina ƙananan gidaje, ya sayar da su da tsadar da kasuwa ta ɗauka. Wannan ma yana da amfani, domin yawan gidaje yana sassauta kasuwa, kuma ƙaramin gida ko yaya ya fi babba sauƙin saye a wuri ɗaya. Amma idan gari ya ba da wani abu na musamman, kamar ƙarin yawan gidaje, yafe haraji ko filin gwamnati, to yana da haƙƙin karɓar wani abu a rubuce.

Kalmar "mai araha" ba ta da ma'ana a takardar izini sai an ɗaura ta a kan lamba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada kuɗin gida ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Sai a faɗi wane iyali: a Amurka ana yawan cewa wanda samunsa bai wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin ba. Daga nan a rubuta gida nawa, a kan waɗanne fuloti da lambobinsu, mai ɗaki nawa, wa zai tantance masu saye, kuma har tsawon wane lokaci.

Tsawon lokacin nan shi ne inda ake yawan yin asara. Gundumar Montgomery a jihar Maryland ta fara tun 1974 tilasta wa manyan rukunan gidaje ware wani kaso, wanda ya daɗe a tsakanin kashi 12.5 zuwa 15 cikin ɗari, a madadin izinin ƙara yawan gidaje. Shirin ya samar da dubban gidaje, amma wa'adin farko gajere ne, gidaje da yawa suka koma farashin kasuwa da wa'adin ya cika, har sai da gundumar ta tsawaita shi zuwa shekara 30 ga gidajen sayarwa. Idan babu ƙa'idar sake sayarwa, mai saye na farko ne kaɗai ke cin rangwamen, na biyu ya biya cikakken kuɗi. Ingila, a shirin gidajen masu sayen farko da ta fara a 2021, ta liƙa rangwamen aƙalla kashi 30 cikin ɗari a jikin takardar gidan, yana bin sa duk lokacin da aka sayar. Wata hanyar ita ce amintacciyar ƙungiya ta riƙe ƙasar, iyali su mallaki ginin kawai, kamar yadda ake yi a Burlington ta jihar Vermont tun 1984.

Sai lokacin ginawa. Idan aka bar wa mai nema zaɓi, gidajen rahusa za su faɗa zangon ƙarshe, zangon ƙarshe kuma shi ne wanda ba a kaiwa idan kasuwa ta juya. A Ingila, inda ake ƙulla irin wannan yarjejeniya ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, an sha ganin masu gini sun dawo daga baya da lissafin cewa aikin ba zai fitar da riba ba, a rage musu kason. Maganin shi ne a ɗaure abu da abu: ba za a ba da takardar shiga fiye da rabin gidajen kasuwa ba sai an kammala rabin na rahusa, haka har ƙarshe. A watsa su cikin layuka, ƙofa da taga da fenti iri ɗaya da na maƙwabta. Tituna da magudanai kuma a karɓi jinginar banki daidai da kuɗin aikinsu, kada a sake ta sai injiniyan gari ya duba ya sa hannu.

Ka kuma waiwayi kuɗaɗen da garin kansa ke karɓa. Idan kuɗin izini da na jona ruwa adadi ɗaya ne ga kowane gida, to gida mai murabba'in mita 60 yana biyan daidai da mai 300, wato ninki biyar a kan kowace mita. Wannan kaɗai ya isa ya sa magini ya zaɓi manyan gidaje. A mai da kuɗin bisa girman gini ko yawan ɗakuna. Jinkiri ma kuɗi ne: kowane wata da takarda ta yi a ofis, ruwan bashin ƙasar yana hawa, kuma mai saye ne zai biya. Garin da ya rubuta ƙa'idojinsa sarai, ya ce duk wanda ya cika su ma'aikata za su sa masa hannu cikin kwanaki kaza ba sai an je zaman kwamiti ba, ya rage tsadar gida ba tare da ya kashe ko sisi ba.

A bar wa gida hanyar girma

Iyali ba ya tsayawa yadda yake, kuma ƙaramin gida mafi kyau shi ne wanda aka zana da sanin za a ƙara shi. A Iquique ta ƙasar Chile, masanin zanen gini Alejandro Aravena da abokan aikinsa sun zaunar da iyalai 93 a kan kusan rabin hekta a farkon shekarun 2000. Sun gina wa kowane iyali ɓangaren da ya fi wuya, wato ginshiƙai, matakala, kicin da banɗaki, suka bar gurbi a gefe wanda mai gida zai cike da kansa har girman ya kusa ninkawa. Tun kafin nan, a 1972, Bankin Duniya ya tallafa wa wani awo a Dakar inda aka ba mutane fuloti da hanya da ruwa, suka gina sannu a hankali. Abin da wannan ke nufi ga kwamiti shi ne ya amince da zanen ƙarin tun a izinin farko: fandishon da zai ɗauki bene, wurin da matakala za ta hau, ɗakin bayan da aka riga aka nuna iyakarsa. Idan ba a yi haka ba ƙarin zai zo duk da haka, amma zai zo ba tsari, ya toshe taga, ya hau kan lambatu.

Ranar zama

Masu adawa za su zo, kuma yawancinsu maƙwabta ne masu tsoro na gaskiya: cunkoson mota, ambaliya, cikar makaranta, faɗuwar darajar gidajensu. Wadda za ta sayi gidan ba ta cikin zauren, domin ba ta san da zaman ba, wataƙila tana wurin aiki a wannan sa'ar. Ɗan kwamiti ya riƙe wannan a ransa. A rarrabe ƙorafe-ƙorafen gida biyu. Wanda ake iya aunawa, kamar ruwa, mahaɗar titi, inuwar bene a kan tsakar gidan wani, a amsa shi da lissafi da sharaɗi: a jera manyan fuloti ko gidaje marasa bene a layin da ya jingina da tsohuwar unguwa, a hana tagar sama kallon bayan gidan maƙwabci, a gyara mahaɗa kafin gida na kaza ya cika. Wanda kuma ya tsaya a kan irin mutanen da za su tare, wannan ba hujjar tsara gari ba ce, kuma shugaban zama ya faɗi haka a fili cikin ladabi.

A yi hattara da sulhun da ake yi a ƙarshen dare don kowa ya tafi gida: a cire gida goma daga cikin sittin. Kuɗin titi da bututu bai ragu ba, don haka ya koma kan hamsin ɗin da suka saura, kuma goman da aka cire galibi su ne mafi ƙanƙanta. Idan za a rage, a tambayi mai nema a gaban kowa waɗanne fuloti ne za su fita, da abin da hakan zai yi wa farashin sauran.

Ko amincewa aka yi ko ƙi, a rubuta dalilai ɗaya bayan ɗaya, kowanne a jingine da sashen doka ko tsarin gari da ya dogara a kai, domin ƙin da ba shi da tushe a rubuce faɗuwa yake yi a ɗaukaka ƙara. Kowane sharaɗi kuma a gwada shi da tambaya huɗu kafin a kaɗa ƙuri'a: wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe, me za a hana shi idan bai yi ba. Sharuɗɗan da suka shafi farashi, sake sayarwa, haƙƙin shiga gyaran bango da kula da tafki a yi musu rajista a jikin takardun fulotin kansu, yadda za su bi ƙasar ko da kamfanin ya sayar da aikin ga wani. A sa wa izinin wa'adi, shekara biyu ko uku, ya mutu idan ba a fara aiki ba, don kada a karɓe shi kawai a ɗaga darajar fili a sayar. Bayan shekara ɗaya da tarewar mutane, ma'aikaci ya koma unguwar da taswirar a hannu, a ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ƙirga motocin da ke bakin titi da dare, ya duba inda ruwa ya kwanta, ya kawo wa kwamiti abin da ya gani kafin a zauna kan awo na gaba.